Hunturu A Cikin Mota: Daga Garbadu Zuwa Kwatano

  

'Yar uwa, da a ce yau maigida ya shigo ya ce miki ki tattara gidanki kaf ki zuba shi a bayan mota, domin a ciki za ki zauna har mako bakwai, me za ki ɗauka, me kuma za ki bari? Kada ki yi saurin amsawa, domin ni da abin ya faɗo kaina sai da na kwana uku ina haɗa kaya ina warwarewa. Labarin wannan tafiya nake so in ba ki, wadda muka yi daga garinmu Garbadu ta ƙaramar hukumar Talata Mafara, muka ratsa Kurmi har birnin Kwatano na ƙasar Binin, daga ranar Laraba 14 ga Disamba 2022 zuwa farkon Fabrairun 2023.

Abin da ya fitar da mu

Wadda ta san ƙasar Zamfara ta san hunturunmu ba abin wasa ba ne. Daga ƙarshen Nuwamba iska kan juyo daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada, wadda masana suka ce da yawanta tana tasowa ne daga wani busasshen kwari mai suna Bodele a arewacin Chadi, ta zo ta lulluɓe mu har cikin Fabrairu. Da asuba ruwan randa ya koma kamar ƙanƙara, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su yi furu-furu ko an shafe su da man kaɗe.

Ga mafi yawan mutane wannan wahala ce ta 'yan watanni. Amma ɗana na biyu, wanda a lokacin yake da shekara 7, yana da ciwon asma, kuma hunturu shi ne babban abokin gabarsa. A hunturun da ya gabaci wannan, sau uku numfashinsa yana sarƙewa cikin dare, mu kuwa ba mu da halin fita da shi sai gari ya waye, saboda halin da hanyoyinmu suke ciki. Duk uwar da ta taɓa rungume yaro yana fizgar numfashi tana jiran kiran assalatu ta san abin da nake faɗi. Likita ta gaya mini cewa ƙura da hayaƙin itace da sanyin asuba su ne suke tayar masa da ciwon.

Dalili na biyu shi ne Yayana, wanda nake bi. Tun yana saurayi yake tafiya cin rani da zarar an gama kaka, ya dawo da saukar ruwan farko, kamar yadda dubban mazan yankinmu suke yi. Amma da gonarmu ta cikin daji ta gagari shiga saboda 'yan bindiga, sai wata shekara ya tafi bai dawo ba. Da farko yana kira, daga baya kiran ya ja baya, har ya ɗauke gaba ɗaya. Labari kawai muke ji wai an gan shi a Zangon Kwatano. Inna ba ta cewa komai, amma kullum aka yi tuwo sai ta ɗan yi shiru kafin ta sa hannu.

Maigida kuwa sana'arsa fatauci. Yana da bas ƙirar Hiace, yana sayen wake da busasshen barkono da kauɗar tumatir da kuɓewa a kasuwar Mafara ta ranar Talata, wasu daga manoman da ke cin moriyar madatsar ruwan Bakolori da aka gama ginawa a 1978, ya kai Kurmi, ya dawo da goro da manja. Shi ne wata rana bayan sallar isha ya ce, "Malama, tunda ƙura ce matsalar yaron nan, me zai hana mu gudu mu bar mata garin? Kuma ki je ki nemo wa Inna ɗanta." Na ɗauka wasa yake yi. Da na ga ya fara kwance kujerun mota, sai na je na nemi izinin shugaban Islamiyyarmu, wata malama ta karɓi ajina, babban ɗana kuma aka bar shi wurin kakarsa saboda hadda.

Yadda bas ta koma ɗaki

An cire layin kujeru uku na baya, aka jera buhunan wake a ƙasa, aka shimfiɗa katako a kai, aka ɗora katifa. Barkono kuwa a saman mota aka ɗaure shi aka rufe da tampol, domin ko ƙamshinsa yana iya tayar wa yaron da tari. Na ɗinka labule mai kauri na tagogi, da wani wanda ya raba mu da gaban mota. Mu biyar ne: maigida, ni, yaron, 'yar autata mai shekara 3, sai ƙanena da ke taimaka wa maigida da tuƙi. Da gangan na roƙi a tafi da ƙanena maimakon yaron motar da aka saba, domin zama a wuri mai ƙunci irin wannan yana buƙatar a ce duk namijin da ke ciki muharraminki ne. Da dare ni da yara muke kwana a ciki, maza su shimfiɗa tabarma a gindin mota ko su kwana a masallacin tasha.

Kayan da na fara haɗawa sun cika akwati uku. A ƙarshe ga abin da ya shiga: tukunya biyu, kurfoti da gawayi, jarka biyu ta ruwa, buta, bokiti mai murfi, fitilar sola, gidan sauro, dardumar salla, Alƙur'ani da littafin Risala. Abinci kuwa na yi garin kunu da garin ɗanwake, kuka, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, tsamiya da dambun nama. Tufafi kala huɗu-huɗu. Sai jakar magani, wadda ba ta rabuwa da jikina: abin shaƙar yaron guda biyu, maganin zazzaɓi da garin gishiri da sukari na gudawa. Kwanukan tangaran da na ɗauko na mayar, haka atamfofi takwas. Wallahi 'yar uwa, har muka dawo ban tuna da su ba.

Da na je sallama, Inna ta riƙe hannuna ta ce, "In kin gan shi, ki ce mai ban yi hushi ba. Shi taho in gan shi tun ina da rai." Ta ƙulla mini ƙuli-ƙulin da ta yi da hannunta a wani tsohon ɗankwali, ta ce nasa ne.

Daga Sakkwato zuwa gadar Jabba

Direbobi sun shawarci maigida kada ya bi ta Funtuwa da Birnin Gwari, saboda a wannan shekara hanyar ta yi ƙaurin suna. Sai muka nufi Sakkwato, muka kwana gidan gwaggona, muka ziyarci Hubbaren Shehu. A nan na tuna da Nana Asma'u da jajojinta na 'Yan Taru, matan da suke takowa daga ƙauyuka masu nisa su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan uwansu. Na ce wa kaina, ashe fitar mace domin alheri, cikin sutura da tsari, tana da tushe a ƙasar nan.

Daga Sakkwato muka bi Tambuwal, Jega, Koko, muka sauka Yawuri a bakin kogin Kwara. Nan ne na fara kwana a mota. Ba zan ɓoye miki ba, ban runtsa ba. Ga ƙarar manyan motoci, ga masu shayi suna hira, ga tsoro. Amma da asuba da na hura gawayi a gefen mota na dama kunu, maigida ya sayo mana ƙosai da soyayyen kifin Yawuri, yara suka zauna a bakin ƙofar mota suna sha suna dariya, sai na ji zuciyata ta kwanta.

Dokar maigida ɗaya ce: ba tafiyar dare, ba sammakon duhu. Kafin mu shiga hanyar Kwantagora sai da muka jira motoci suka taru, aka tambayi waɗanda suka fito daga can, sannan aka tashi a jere. Ƙanena ya ce ai mun koma zamanin fatake, saura madugu da jakuna. Gaskiya ya faɗa, domin abin da ya sa fataken da suke tafiya a ayari shi ne ya sa mu ma muka yi.

A wannan hanya muka riski wani ayarin Fulani suna gangarawa kudu neman ciyawa. An ɗora wa shanu da jakuna tabarmi da sanduna da ƙore, jarirai a goye, 'yan maruƙa a tsakiya. Inda suka yada zango na ga mata ne suke kafa bukkoki, kafin mu gama sallar la'asar har an hura wuta. Sai na tuna aya ta 80 a Suratun Nahli, inda Allah Yake lissafa wa bayinSa ni'imar gidaje, har Ya ambaci na fatun dabbobi masu sauƙin ɗauka ranar tashi da ranar sauka. Na sha karantar da wannan aya a aji, amma ranar na gan ta da idona.

Muka wuce Makwa, garin da daga baya ambaliyar watan Mayun 2025 ta yi wa mummunar ɓarna, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Daga nan sai Jabba, inda gadar jirgin ƙasa ta haye Kwara tun 1916. Muna hayewa na lura yara sun tuɓe rigunan sanyi da kansu. Ƙura ta ragu, itatuwa suka fara yin kore, fatar hannuna da ta yi wata guda tana tsagewa ta fara laushi.

Salla ba ta san hanya ba

A nan zan ɗan tsaya, domin tambayar da ɗalibaina matan aure suka fi yi mini da na dawo ita ce ta salla. A mazhabarmu ta Malikiyya, matafiyin da ya nufi tafiyar halal mai nisan mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, sunna ne ya yi ƙasaru: azahar da la'asar da isha su koma raka'a biyu-biyu, asuba da magariba suna nan yadda suke. Ana farawa ne bayan an wuce gidajen gari. In kuka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani wuri, to ƙasaru ta ƙare, sai a cika. Don haka a Yawuri da Jabba mun yi ƙasaru, a Badun da Shagamu kuwa mun cika. An kuma yi rangwamen haɗa azahar da la'asar, ko magariba da isha, ga wanda tafiya ta ɗauke shi, abin da ya taimake mu ƙwarai a wuraren da tsayawa ke da haɗari.

Farilla ba a yin ta a zaune cikin mota tana gudu sai da lalura. Abin da muke yi, a tsaya a gidan mai ko masallaci, in ba wurin mata, ƙanena ya ɗaura zane daga ƙofar mota zuwa wata sanda, in yi alwala da sallata a bayansa. Wannan zanen shi ne makewayina, shi ne masallacina. Ki kuma lura da alƙibla: daga ƙasarmu gabas take da ɗan karkata zuwa arewa, kuma karkatar tana ƙaruwa gwargwadon yadda kike gangarawa kudu. Ki tambayi mutanen gari ko ki dubi masallacinsu. In ruwa ya yi ƙaranci har kina tsoron ƙishirwar yara, taimama ta halatta, addini bai ce ki hana yaro ruwan sha don alwala ba.

Kurmi da mutanen zango

A Ilori muka sauka unguwar Gambari, a Badun kuma unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916. 'Yar uwa, in ba ki je ba, ba za ki yarda ba. Ki baro gida da kusan kilomita dubu, ki shiga lungu ki ji ana tallan fura, ana kiran salla da muryar gida, tsofaffi suna gaisawa da Hausa tsantsa, jikokinsu suna haɗa ta da Yarbanci. Akwai matar da ta ce mini kakanta daga Bakura ya zo da shanu, ita kuwa ba ta taɓa ganin Bakura ba, ta zaunar da ni in ba ta labarin garin.

Fatoman maigida, wato mai masaukin da ke karɓar kayansa ya nemo masu saye, ya ba mu wuri a farfajiyar gidansa muka ajiye mota. Matansa suka matsa in koma cikin gida, na kwana biyu a ɗakin uwargida don girmamawa, amma yaron ya ce shi motarsa yake so. Mun yi kwana goma sha biyu a nan, maigida yana jigila tsakanin kasuwanni, ni kuma da yamma ina taya malamar Islamiyyar unguwar karatun Ahalari. A wurin waɗannan mata na ji labarin rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021. Wata ta ce da zane ɗaya ta fito da 'ya'yanta huɗu, kuma wata maƙwabciyarta Bayarabiya ce ta ɓoye su har gari ya lafa. Na gane cewa tsoron da muka baro a gida yana da ɗan uwa a nan ma, haka kuma mutanen kirki.

Daga Badun sai Shagamu, matattarar goro. A Sabon Shagamu na ga yadda mata suke ɓare goro, su wanke, su zaɓe, a jera shi cikin kwando tsakanin ɗanyen ganye don kada ya bushe. A da kakanninmu har Gwanja suke zuwa nemansa, a arewacin Gana ta yau, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna. Da aka yawaita shuka shi a ƙasar Yarbawa, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, sai cinikin ya karkato nan.

Game da yaron, alhamdu lillahi, tun daga Ilori barcinsa ya daidaita. Sau ɗaya ciwon ya tashi, ranar da muka maƙale a cunkoson Legas kusa da kasuwar Mile 12, hayaƙin motoci ya cika mana ciki. Don haka kada wata ta ɗauka Kurmi maganin asma ce. Hazon hunturu yana kaiwa can ma, sai dai da sauƙi, kuma akwai yaran da danshin can ne yake tayar musu da nasu ciwon. A tambayi likita tukuna. Sannan ƙasar ɗumi ƙasar sauro ce. Dare ɗaya na yi sakaci da gidan sauro a Shagamu, bayan kwana goma sai ga 'yar auta da zazzaɓi, aka gwada jini aka ce na cizon sauro ne, aka ba ta magani.

A tsakiyar Janairu kuma sai ga wahalar canjin kuɗi ta 2023. Tsofaffin takardu wasu ba sa karɓa, sababbi ba su samuwa, kuɗin maigida na cikin asusu amma ba na sayen gawayi a hannu. Garin ɗanwake da kukar da na taho da su daga Garbadu su suka rufa mana asiri kwana biyar. Na yi ɗanwake da yawa na aika wa direbobin da ke kwana kusa da mu, su kuma suka kawo mana doya da manja.

Turawa masu ɗaki a mota

Muka bar motarmu a hannun wani abokin cinikin maigida a Badagiri, muka haye iyakar Seme da takardun tafiya da katin allurar shawara, muka shiga Kwatano, garin 'yan acaɓa masu rawayar riga da babbar kasuwar Dantokpa. Kafin mu fara cigiya, maigida ya kai mu bakin teku, domin ni da yara ba mu taɓa ganinsa ba. Na tsaya ina tasbihi, ruwa iya ganinki, yana tasowa yana komawa ba hutu.

A nan muka ga wata farar mota doguwa da lambar ƙasar waje, wani tsohon Bature da matarsa suna zaune a inuwarta. Yarona ya tsaya yana leƙe, sai matar ta yafito mu. Mutanen Faransa ne, sun yi ritaya, suna ɗan jin Ingilishi. Ta shigar da ni da yara ciki. Ga gado, ga murhun gas, ga ƙaramin firji, ga tankin ruwa da famfo, ga makewayi, a saman motar kuma faifan sola. Ta ce a ƙasarsu irin wannan mota sananniya ce, kuma tsofaffi da yawa in sanyi ya shigo sukan rufe gida su gangara Sifen, su sa motar a jirgin ruwa su haye zuwa Maroko, su yi watanni a wajen Agadir har sanyi ya wuce. Su sun saba yin haka, a wannan shekara ne suka ce bari su ƙara gaba su ga Afirka ta Yamma. Ta ce a Amurka da Kanada ma haka tsofaffi suke kwarara zuwa Fulorida da Arizona.

Na gaya mata ai mu ma a mota muke kwana, sanyi muka gudo wa. Ta yi murna ta ce ashe ɗaya muke. Na yi murmushi kawai. A raina kuwa na san akwai bambanci, domin ita ta kulle gidanta ne tana da yaƙinin za ta koma ta same shi yadda ta bar shi, kuɗin fanshonta kuma yana shiga duk wata. Amma da na tambaye ta 'ya'ya, sai ta ce ɗanta ɗaya, rabonta da shi shekara biyu, ta kawar da kai. Na ce a zuciyata, ashe a Faransa ma akwai Inna.

Yaya

Matambayi ba ya ɓata. A babban masallacin Zango maigida ya yi cigiya bayan sallar azahar, aka haɗa shi da Zamfarawan wurin, kafin magariba aka kai mu wata rumfar mai shayi. Yana juya baya yana fifita wuta. Ya rame, furfura ta fito masa. Na ce, "Yaya." Ya juyo, ludayin ya faɗi daga hannunsa.

Da aka natsu ya ce, "Ƙanwata, da wane ido zan kalli Inna? Na fito in samo, shekara shida ba abin da na tara. Bashin takin da na ci ma ban biya ba." Ban yi masa wa'azi ba, ko da yake na taho da shi a baki. Na kwance ɗankwalin na ajiye masa ƙuli-ƙulin, na faɗa masa saƙon Inna yadda ta faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Ya gane ɗankwalin. Ya rufe fuska da shi, maigida ya ja yara suka ba mu wuri. A daren muka kira gida aka kai wa Inna waya.

Bai biyo mu ba, don ya ce ba zai bar rumfar mutane ba sallama. Amma da ƙaramar Sallar 2023 ya zo, maigida ya taimaka aka sasanta maganar bashin, ya yi kwana goma sha biyu a ɗakin Inna. Ya koma Kwatano, domin gonar ba ta nomu ba a wannan damina, sai dai yanzu duk Juma'a yana kira.

Abin da na dawo da shi

A hanyarmu ta dawowa, ina biya wa yaron haddarsa, muka zo Suratu Ƙuraishin. Malaman tafsiri sun ce Ƙuraishawa suna da tafiya biyu a shekara: ta hunturu zuwa Yaman saboda ɗuminta, ta bazara zuwa Sham saboda sanyinta. Ashe gudun sanyi zuwa ƙasar ɗumi ya daɗe a duniya. Surar kuma ta rufe da tunatar da su ni'ima biyu, ciyarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro. 'Yar uwa, duk wanda na gamu da shi a hanyar nan, Bafillatana da bukkarta, matan Sabo, Yayana, har mu kanmu, ɗayan biyun nan ya fita nema. In kin kwana a ɗakinki da tuwo a ciki, ba ki kasa kunne kina sauraron ƙarar babura ba, to ki yi godiya ko da ɗakin na kara ne.

Ga wadda tafiya mai tsawo ta kama ta da yara, ga 'yan shawarwari. Ki ɗauki busasshen abincin da zai kai ku mako guda ko ba kuɗi. Ki tafasa ruwan sha in ba ki yarda da shi ba. Kada ki kuskura ki shigar da garwashi cikin mota ko ɗaki a rufe don jin ɗumi, iskarsa ba ta da wari amma tana kisa cikin barci, wannan kuma har a gida ki kiyaye shi. Ki koyi hukuncin sallar matafiyi kafin ki fita. Kada ku yi tafiyar dare, kuma ku tambayi halin hanya a ranar da za ku bi ta, domin labarin bara ba ya amfani bana.

Sannan in kina da ɗan uwan da ya tafi cin rani ya yi shiru, kada ki yanke masa hukuncin ya manta da ku. Sau da yawa kunya ce take riƙe su. Ba sai kin je Kwatano ba, ki nemi lambarsa wurin 'yan garinku da ke can, ki kira, kuma kada ki fara da tambayar me ya samo. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Mun iso Garbadu da la'asar, hazo ya fara sauka, mota cike da goro da manja. Na shiga ɗakina na ga ya yi mini faɗi, kayan da ke ciki kuma sun yi mini yawa, har na fitar da wasu na bai wa matan da suka yi gudun hijira zuwa garinmu. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya kai matafiya masaukinsu lafiya, Ya haɗa kowace uwa da ɗanta.